Halin da Maciji Ke Shiga Bayan Ya Haɗiye Abinci

A Danko, da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru ta jihar Kebbi, kamar yadda yake a sauran sassan Arewa, macijin da ke zaune a hannun mutum galibi na gardawa ne, wato masu yawo kasuwa-kasuwa da macizai a akwati suna wasa da su, saɓanin Amurka da Turai inda ake kiwonsu a gida don sha'awa, musamman ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa da ake fitarwa daga Ghana da Togo da Benin. Ko a akwatin gardi ko a kejin gilashi, macijin da ya ƙoshi yakan nuna halayen da mai kallo zai ɗauka ciwo ne, alhali yawancinsu alamun aikin narkar da abinci ne.

Abin da ake fara gani shi ne wangale baki mai kama da hamma. Muƙamuƙin maciji na ƙasa kashi biyu ne, waɗanda jijiya mai talewa ta haɗa, kuma da su yake jan abincin ciki, ɓari ɗaya bayan ɗaya, don haka idan ya gama sai ya buɗe baki ya daidaita su. Maganar da ake yi cewa muƙamuƙin gocewa yake yi ba ta da tushe.

Daga nan sai ya nemi lungu mai ɗumi ya lafe na kwanaki, kuma wannan lafewar ce aka fi yi wa mummunar fahimta, domin a lokacin ne jikinsa ke aiki mafi nauyi. Binciken da Stephen Secor da Jared Diamond suka yi a Amurka a shekarun 1990 kan mesar ƙasar Bama ya nuna cewa iskar da jikinta ke ƙonawa tana iya ninkawa kusan sau 40 bayan babban abinci, hanjinta yana kumbura, cikinta kuma, wanda ke hutawa lokacin yunwa, yana zubo ruwa mai tsananin tsami da ke narkar da ƙashi. Dabbar da ke cikin wannan hali ba ta da saurin gudu, shi ya sa macijin da aka sani da sanyin hali yakan yi huci ko ya kai sara idan aka matsa masa, balle idan hannun mai shi yana warin ɓera ko kaza.

Alamar da ta cancanci damuwa ita ce amayar da abincin, kuma sababinta sau da yawa daga mai ajiyar ne: ɗaukar macijin da wuri, ko ba shi abin da ya fi ƙarfinsa, ko barinsa cikin sanyi. Tun da maciji ba ya samar da zafin jikinsa sai abin da ya samu daga waje, sanyin hunturu na Disamba da Janairu yana rage saurin narkewa har naman ya fara ruɓa a ciki, sai ya fitar da shi. Saboda haka ƙwararrun masu kiwo ba sa taɓa maciji sai bayan kwana 2 da cin abinci, idan kuma ya yi amai sukan jira kimanin mako 2 kafin su sake ba shi, domin maƙogwaron da ruwan cikin ya ƙona ya warke.