Firen, iccen Turai da cuta ta tasa gaba

A cikin itatuwan dajin Turai akwai wani babba wanda Faransawa ke kira firen, masana ilimin tsire-tsire kuwa suka laƙaba masa suna Fraxinus excelsior. Danginsu ɗaya da zaitun, ko da yake wanda ya gan su ba zai ce sun haɗa komi ba, domin firen dogo ne miƙaƙƙe, yana kaiwa mita 35 ko fiye.

Mai karatun da ya san bedi zai iya kwatanta ganyensa: sanda guda, ƙananan kunnuwa 7 zuwa 13 jere a kanta, biyu-biyu suna fuskantar juna, ɗaya a ƙarshe. Idan sanyi ya gabato sai ya kaɗe su duka, sau da yawa tun suna kore, ya tsaya tsirara har watan Mayu. A wannan lokaci baƙaƙen idanun tohon da ke kan rassansa su ne shaidar da ake gane shi da ita. Furensa na riga ganye fitowa, wajen watan Afirilu. Ƙanana ne, ba su da ado, don iska ce ke ɗaukar garinsu daga icce zuwa icce. Ƴaƴansa kuma tuli-tuli suke rataye, kowane da fiffike guda. In sun faɗi ƙasa, galibi sai sanyi biyu ya wuce kafin su tsiro.

Mazauninsa ya taso daga Irlanda da arewacin Spaniya har yammacin Rasha, da duwatsun Kokas, da arewacin Iran. Icce ne mai zaɓen wuri. Yana son ƙasa mai zurfi, mai taki da laima, irin ta bakin gulbi da gindin tudu, amma ruwan da ya kwanta ba ya tafiya yana cutar saiwarsa. Makiyayan duwatsun tsakiyar Faransa da na Pirene sun daɗe suna sassabe rassansa a ƙarshen bazara, su ba shanu da tumaki ganyen idan ciyawa ta ƙone, kamar dai yadda namu ke yi da gawo. Iccensa na da ƙarfi, yana tanƙwaruwa bai karye ba, shi ya sa tun zamanin da da shi ake ƙotar gatari da ƙafar amalanke.

To, yau iccen nan yana cikin wani hali. A shekara ta 1992 aka fara ganin firen na bushewa a ƙasar Polonya, ba a gane dalili ba sai a 2006, lokacin da wani masani mai suna Tadeusz Kowalski ya gano funfunar da ke haddasa cutar. Asalinta gabashin Asiya ne, inda itatuwan can suka saba da ita, ba ta yi musu ɓarna sosai. Ta ɓulla a gabashin Faransa a 2008, a Ingila kuma a 2012. Funfunar takan kwana a sandar ganyen da ya zube. Da zafi ya zo sai ta yi tsiro fari ƙarami, iska ta kwashi irinta zuwa sabon ganye, daga nan ta ratsa cikin reshe ta toshe hanyar ruwa. Icce ya soma mutuwa daga sama. Ƙanana ba su jimawa, manya kan yi shekaru suna fama.

Ga kuma wani koren ƙwaro mai huda ɓawo, shi ma daga Asiya, wanda aka gano a Amurka a 2002, ya kashe miliyoyin ƴan uwan firen a can. Ya riga ya bayyana a Mosko, ya shiga Ukraniya a 2019.

Ma'aikatan daji dai sun lura cewa a tsakiyar kurmin da ya kamu akan tarar da ƴan itatuwa kaɗan da ke tsaye da ganyensu cif, kuma wannan juriya ana gadonta. Saboda haka shawarar da ake ba masu daji yanzu ita ce kada a yi gaggawar sare kurmi dungum. A bar masu lafiya su zuba ƴaƴa, a tara irinsu a gandun renon itatuwa.