Me ya sa firintar 3D ke lalata aiki tun daga shimfiɗar farko?

Tun da haƙƙin mallakar fasahar narka roba a jera ta shimfiɗa-shimfiɗa, wanda kamfanin Stratasys na Amurka ke riƙe da shi, ya ƙare a 2009, farashin firintar 3D ya yi ta sauka. A yau ɗalibi ko ƙaramin mai sana'a na iya ajiye irin su Ender 3, wadda kamfanin Creality na Sin ya fitar a 2018, a kan teburinsa. Sai dai da yawa daga waɗanda suka saye ta kan tarar da aikinsu na farko ya zama curin zare a tsakiyar faranti. A ƙasar da ake shigo da zaren robar daga waje da dala, wannan asara ce ta kuɗi.

Galibi laifin yana tsakanin bakin da ke fitar da narkakkiyar roba da farantin da ake gini a kansa. Ramin bakin yawanci milimita 0.4 ne, kaurin kowace shimfiɗa kuwa kimanin milimita 0.2. Kuskuren da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya ɓata komai. Idan bakin ya yi nisa, robar kan zubo kamar taliya, ba ta kama faranti ba. Idan ya matse, sai ta fito siririya ana hango faranti ta cikinta, wani lokaci a ji injin tura zare yana ƙwas-ƙwas domin hanya ta toshe.

Abin da ake kira daidaita faranti ba ya nufin a sa shi ya miƙe daidai da ƙasa, don haka ma'aunin magina ba shi da amfani a nan. Manufar ita ce tazarar baki da faranti ta zama ɗaya a ko'ina. A fara ɗumama na'urar zuwa zafin aiki, wato kimanin digiri 200 ga baki da 60 ga faranti idan robar PLA ce, saboda ƙarfe kan buɗe idan ya ji zafi. A goge robar da ta maƙale a tsinin bakin. Daga nan a kai shi kusurwa, a zura farar takarda a ƙarƙashinsa, a riƙa juya notin da ke ƙasan faranti har takardar ta soma gogar bakin amma tana iya motsi. Kusurwa huɗu ne, kuma taɓa ɗaya kan gusar da sauran, shi ya sa zagaye ɗaya ba ya isa.

Idan kusurwoyi sun daidaita amma tsakiya ta ƙi, farantin ne ya lanƙwashe. A nan ne na'urar awo irin BLTouch ke da rana: tana taɓa wurare da dama, firinta ta riƙa hawa da sauka gwargwadon abin da aka auna. Masu talla kan nuna kamar ta kawar da duk wahala, alhali sai mutum ya saita tazarar tsininta da bakin da kansa.

Saura yawan robar da ake turowa. A auna milimita 120 a jikin zare daga inda yake shiga injin, a yi alama, a umarci na'urar ta tura 100. Ya kamata 20 su rage. Idan 26 suka rage, 94 kawai ta tura. Ender 3 kan zo da taku 93 a kowace milimita. A ninka 93 da 100, a raba da 94, sabon adadi ya zama kusan 98.9. A shigar da shi, a adana, in ba haka ba zai ɓace da zarar an kashe na'urar.

Kafin a kai ga duk wannan lissafi, a duba tsabtar faranti. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsu na hana roba kamawa ko da awo ya yi daidai, kuma shafa shi da sifirit kan warware matsalar. Ɗaukewar wuta ma na da nata sharrin: faranti na hucewa, aikin ya saki, ko da na'urar na da tsarin ci gaba daga inda ta tsaya.