Triton: Haɗa Firam da Inji a Al'adar Masu Babur ta Ingila

1.0 Gabatarwa

A tsakanin shekarun 1950 da 1960 wani irin babur ya yi tashe a Ingila, wanda ba kamfanin da ya ƙera shi. Sunansa Triton. Makanikai da samari ne ke harhaɗa shi a garejinsu, su ɗauko firam, wato ƙarafan da ke riƙe da gangar jikin babur, daga kamfanin Norton, su ɗora masa injin kamfanin Triumph. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin wannan haɗi da yadda ake yinsa, ta kuma nuna cewa abin da mai kallo zai ɗauka gamin-gambiza ne, a haƙiƙa hukunci ne da masu hawa suka yanke a kan aikin kamfanonin biyu.

2.0 Asalin Firam da Inji

Firam ɗin da ake magana a kai Rex McCandless, wani mutumin Belfast, ne ya tsara shi tare da ɗan'uwansa Cromie. Norton ta fara tsere da shi a 1950, kuma a shekarar Geoff Duke ya ci babbar gasar Tsibirin Man a kansa. An yi shi ne da bututun ƙarfe guda biyu da aka lanƙwasa suka zagaye inji dama da hagu, aka yi musu walda, suka gitta juna a wuyan babur. Wannan tsari ya hana shi murɗewa a kwana. Wani mahayi, Harold Daniell, ya kwatanta hawansa da kwanciya a kan katifar gashin tsuntsu, daga nan sunan Featherbed ya bi shi.

Shi kuwa injin, Edward Turner ne ya tsara wa Triumph shi a 1937, mai silinda biyu a jere. An faɗaɗa shi daga sisi 500 zuwa 650 a 1949, sannan a 1959 aka fito da Bonneville mai kabureta biyu. Inji ne marar nauyi, mai sauƙin gyara da ƙarin ƙarfi, ga kayan gyaransa a wadace. Sai dai firam ɗin Triumph na lokacin yana rawa idan an yi gudu ƙwarai. Ke nan kowane kamfani ya yi zarra a ɓangare ɗaya, ya gaza a ɗaya.

Akwai kuma dalili na kasuwa. Masu tseren ƙananan motoci na sisi 500 suna son injin Manx na Norton, kamfanin kuwa ba ya sayar da inji shi kaɗai. Sai su sayi babur sukutum, su cire injin, su sayar da firam. Ta haka aka sami firam marasa inji suna jiran mai ɗora musu wani.

3.0 Yadda Ake Haɗin

Ba a yi ramukan ƙusoshin injin Triumph don su dace da firam ɗin Norton ba. Saboda haka ginshiƙin aikin shi ne fallayen ƙarfe, galibi na alminiyam mai kauri, waɗanda ake yankawa a huda, su zama gada tsakanin inji da firam. Kafin a yanka su dole a tantance abubuwa uku.

Na farko, irin injin. Kafin 1963 injin Triumph na sisi 650 da akwatin giyarsa a rabe suke, kaca ce ke haɗa su. Wannan ya ba mai haɗi zaɓin sa giyar Triumph ko ta Norton, amma ya wajabta masa barin wurin matsar da giyar don ɗaure kacar. Daga 1963 aka haɗe inji da giya a kwanso ɗaya, wanda ya fi gajarta, don haka fallayensa daban ne.

Na biyu, irin firam ɗin. Na farkon yana da faɗi a ƙarƙashin sirdi, a 1960 kuma aka tsuke shi don ƙafar mahayi ta isa ƙasa. Tankin mai da sirdin ɗayan ba sa zama a kan ɗayan.

Na uku, mazaunin injin. Dole haƙorin kaca na giya ya yi saiti da na tayar baya, in ba haka ba kacar za ta ci haƙora, ko ta zame ana cikin gudu, abin da kan jawo asarar rai. Haka kuma akan zaunar da injin gaba da ƙasa gwargwadon hali, don nauyi ya danne tayar gaba. Tun da fistan biyun injin tare suke hawa da sauka, jijjigarsa tana da yawa, shi ya sa ake ɗaure kan silinda da firam, don kada fallaye ko tanki su tsage.

4.0 Suna da Al'ada

An ƙiro kalmar Triton ne daga farkon Triumph da ƙarshen Norton. Haka aka sami Norvin, wato injin Vincent a firam ɗin Norton, da Tribsa, injin Triumph a firam ɗin BSA. Wannan hanya ta gutsure kalmomi a liƙa su ta bambanta da harɗaɗɗun sunayen Hausa irin su jirgin sama ko farar hula, inda kowace kalma ke tsayawa cikakkiya. A nan sunan da kansa ya kwaikwayi abin da ya ambata.

Matattarar masu irin wannan babur ita ce shagunan shayi na bakin hanya, musamman Ace Cafe da ke arewa maso yammacin Landan. Burin samarin shi ne gudun mil 100 a awa, kimanin kilomita 160. Haɗin ya tabbatar da ƙimarsa a 1965, lokacin da Dave Degens ya ci tseren awa 24 na Barcelona a kan Triton. A 1969 aka rufe Ace Cafe, a shekarar kuma Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu, tashen ya fara ja da baya. An sake buɗe shagon a 2001.

5.0 Kammalawa

A yau masu sha'awar tsofaffin babura sun rabu biyu. Wasu na ganin duk Triton da aka haɗa, an salwantar da babura biyu na asali waɗanda ba za a sake ƙera irinsu ba. Wasu kuwa na ganin Triton ya riga ya zama gado mai zaman kansa, musamman da yake ana ƙera sababbin firam na wannan tsari. Ko wane ra'ayi aka bi, tarihinsa ya nuna cewa fasaha ba ta ƙarewa a ƙofar masana'anta, domin mai amfani da kaya ma yana da ta cewa a kan yadda ya kamata su kasance.