Ƙasar Gumel da Mutanenta

Ƙasar Gumel tana arewacin Jihar Jigawa, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce mai rairayi, ba ta da babban kogi, saboda haka rijiya abu ce mai daraja ƙwarai a wurin mutanenta. Daga Kano zuwa birnin Gumel kamar kilomita 120 ne.

Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen shekarar 1750. Su kuwa dangin Barebari ne, shi ya sa sarakunansu suka bi Barno, ba su bi Sakkwato ba. Da fari gidan sarautar yana Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, sai a 1845 aka komo Gumel. Turawa suka zo a 1903, suka bar Sarki bisa gadonsa, yana mulki da En'e. A zamanin nan En'e ke da alƙalai da 'yan doka da baitulmali. Ita ke karɓar haraji wurin talakawa, da jangali wurin masu shanu.

A 1976 aka sake tsarin mulkin ƙasa duka, aikin En'e ya koma hannun ƙananan hukumomi. A 1991 kuma aka cire Jigawa daga Jihar Kano. Yanzu ƙananan hukumomi 27 ke cikin Jigawa, huɗu daga cikinsu na ƙasar Gumel ne, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Kowace ƙaramar hukuma tana da shugaba, an kuma raba ta mazaɓu mazaɓu. Gumel tana da mazaɓu 11, Maigatari 11, Gagarawa 10, Sule Tankarkar 10. Kowace mazaɓa takan zaɓi mutum ɗaya, ana ce da shi kansila. Shi ne bakin mutanensa a majalisa. In rijiyar ƙauye ta rufta, ko iska ta kware rufin makaranta, ko magani ya ƙare a ɗakin shan magani, wajibinsa ne ya kai maganar gaban shugaba, ya yi ta bi har a gyara. Kansilan da ya yi shiru, to, ƙauyensa ya yi shiru ke nan. Hukumar kuma ita ke lura da kasuwanni da tashoshin mota da ƙananan hanyoyi. Takan sami kuɗi kaɗan daga kasuwa, amma mafi yawansu daga asusun tarayya suke zuwa.

Sarauta kuwa tana nan, ba ta gushe ba. Sarki yana da hakimai, hakimai suna da dagatai, dagatai suna da masu unguwa. In shanu suka shiga gonar wani, sau da yawa a ƙofar dagaci za a sasanta, tun maganar ba ta kai gaban alƙali ba.

A 2006 aka ƙidaya mutanen Nijeriya. Aka tarar Maigatari ta fi sauran jama'a, mutanenta sun haura 170,000. Sule Tankarkar ke bi mata da wajen 130,000, sa'an nan Gumel da ta ɗara 100,000 kaɗan, sai Gagarawa da wajen 80,000. Abin mamaki, Gumel inda Sarki yake ita ce ta uku! Dalili kuwa ƙasarta ƙarama ce, ƙauyukanta ba su kai na maƙwabtanta yawa ba. Ƙidaya ba wasa ba ce, domin yawan mutane yana cikin abubuwan da ake dubawa wajen rabon kuɗi. Maigidan da ya ɓoye 'ya'yansa ranar ƙidaya, rabon garinsu ya rage.

Mutanen ƙasar Hausawa ne da Fulani da Mangawa, kusan dukansu Musulmi. Auratayya ta haɗa su ƙwarai, har yawancin Mangawa yanzu Hausa suke yi. Noma ne babbar sana'a, ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo. Fulani suna kiwo, matansu suna kai nono kasuwa.

Waɗansu garuruwa hanya ce ta tara musu jama'a. Da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, sai mutane suka zauna kusa da tasha, shi ya sa akwai Gagarawa Gari, akwai kuma Gagarawa Tasha. Maigatari kuwa kasuwa ce ta raya ta. Kowace ranar Alhamis akan koro shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, fatake kuma su zo daga kudu da manyan motoci su saya. Ran nan mutum yakan ji Hausa da Fulatanci da Barbarci da Buzanci da Yarabanci duk a kara ɗaya.