Baƙin Da Ambaliya Ke Bari A Gida

Jama'ar Yauri da Ngaski da Shanga, da ku mazauna gungu da bakin tabkin Kainji.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 muka saba ganin ruwa ya hau ya sauka. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, ba sai an gaya masa ɓarnar ruwa ba. Amma mu ma'aikatan ɗakin shan magani, aikinmu bai cika yawa ba sai bayan ruwa ya janye. Ga dalili. Ruwan da ya kore ku daga gida shi ya kori ɓera da maciji daga raminsu. Su ma tudu suke nema, tudun kuwa shi ne ɗakinka da rumbunka.

Mu fara da ɓera, don shi aka fi rainawa. Mutane suna ganin ɓarnarsa ba ta wuce cin hatsi ba. Ba haka ba ne. Akwai wani ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, ciwon da aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Shi ɓeran lafiyarsa lau, amma cutar tana cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan gari, ko shinkafar da aka shanya a ƙasa, ko tuwon da aka bari a buɗe, ya bar ta nan. Saboda haka uwargida ta rufe kowace tukunya, ta zuba gari a mazubi mai murfi. Maigida ya toshe ramuka, ya nome ciyawar bayan ɗaki. In an kashe ɓera kada a taɓa shi da hannu, a ɗauke shi da shebur a binne. A hana yara kamawa su gasa. Zazzaɓin da aka sha maganin sauro bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro da kasala, a kai mai shi asibiti maza, don ana ɗaukarsa daga majinyaci.

Kada kuma ku yayyafa fiya-fiya ko maganin feshin gona a ɗakin kwana. Guba ce, ba ta san ɓera da jariri ba.

Sai sauro. Ba ya bukatar tabki. Sawun shanu a laka, da ramin da aka haƙi ƙasar gini, da kwalekwalen da aka ja tudu ruwa ya kwanta a ciki, duk sun ishe shi yin ƙwai. Cikin kwana 10 ƙwai ya zama sauro. Shi ya sa bayan wata guda ko fiye za ka ga yara sun fara kwanciya. Binciken da aka yi a 2021 ya nuna yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Kebbi suna da ƙwayar cutar a jininsu, babu jihar da ta kai mu. A cike ramuka, a kifar da ƙwarya da gwangwani, kowa ya kwana cikin gidan sauro. Na ce gidan sauro, ba koma ba. Wanda ya kai shi ruwa kamun kifi, da jinin 'ya'yansa ya biya kifin.

In masai ya rushe, ƙuda zai tashi daga can ya sauka a kan abinci, ga amai da gudawa. A haƙa sabo nesa da rijiya. Rijiyar da ambaliya ta shiga, a tafasa ruwanta kafin a sha. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ana ba shi ana tafiya da shi asibiti.

Ranar komawa gida, a shiga da rana, da sanda a hannu. A zazzage tabarma da takalma, a duba gindin randa da tarin itace. In kububuwa ko kumurci ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe ko awarwaro, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.