Zanen Furen Kanumfari da Wani Kamfanin Holan Ya Kulle a Ma'ajiya

Kanumfarin da ake jefawa a zoɓo ko shayi ba iri ba ne. Fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe, aka shanya shi har ya yi duhu. Shi ya sa ko an binne shi a ƙasa ba zai tsiro ba. Mai son sanin inda irin yake sai ya dubi zanen da masana tsirrai suka yi wa bishiyar, kuma akwai zamanin da ba kowa ake bari ya ga irin wannan zane ba.

Abin da zanen ke nunawa

Mai zanen tsirrai yakan tara rayuwar shuka a shafi guda. A na kanumfari ana ganin reshe mai ganye bibbiyu suna fuskantar juna, da tarin furanni a ƙarshensa. A gefe akan zana fure ɗaya an tsaga shi: doguwar ƙafa, haƙora huɗu a samanta, da ɗan dunƙulen da ke rufe da siraran zaruruwa masu yawa. Manomi yana tsinke shi ne da zarar ya fara ja. Idan aka ƙyale shi, sai ya buɗe, daga baya ya zama ɗan itace mai ƙwaya a ciki. Wannan ƙwayar ita ce iri, kuma ba ta jimawa take mutuwa idan ta bushe. Saboda haka wanda ya tsare ɗanyen iri da dashe, shi ke da kasuwa.

Babakere a tsibiran Maluku

Asalin bishiyar daga tsibiran Maluku ne, a Indonesiya ta yau. A ƙarni na 17 kamfanin kasuwancin Holan, VOC, ya taƙaita nomanta a Ambon da wasu ƙananan tsibirai na kusa, ya riƙa tura jiragen yaƙi suna sare bishiyoyin sauran wurare don kada farashi ya faɗi.

A Ambon ɗin ne wani ma'aikacin kamfanin, Georg Rumphius, haifaffen Jamus, ya duƙufa wajen rubuta bayanin tsirran yankin fiye da 1,000 tare da zanensu. Ya makance a 1670. Girgizar ƙasa ta kashe matarsa da 'yarsa a 1674. Gobara ta cinye zane-zanen a 1687, aka sake su da taimakon ɗansa da wasu masu zane. A 1692 Faransawa suka nutsar da jirgin da ya ɗauko rubutun, sai dai an bar kwafi a Batabiya. Da aikin ya isa Holan, shugabannin kamfanin suka hana buga shi, don gudun abokan hamayya su amfana da abin da ke ciki. Rumphius ya rasu a 1702. Littafin, Herbarium Amboinense, bai fara fitowa ba sai 1741.

Wa ya ci riba?

Ɓoyon bai ɗore ba. A 1770 mutanen Bafaranshe Pierre Poivre suka yi fasa-ƙwaurin dashen kanumfari zuwa tsibirin Morishus. A farkon ƙarni na 19 bishiyar ta isa Zanzibar da Pemba, inda aka noma ta da gumin bayi a gonakin sarakunan Oman da attajiransu. Babakeren Holan ya karye, amma wahalar ta koma kan wasu talakawan ne.

Yau littafin yana intanet kyauta, sunan Rumphius na bisa bangonsa. Ya rubuta sunayen da mutanen Maluku ke kiran tsirransu da yadda suke magani da su, amma akasarin manoma da masu maganin da suka koya masa ba a san ko sunansu ba.