An ga yaron, to ƙashin na ɗan waye?

 Tun kafin mu yi nisa ga gargaɗi: a wannan makon za mu tona ƙarshen wani labari. Wanda ba ya son a kashe masa daɗin karatu ya ninke shafin nan ya ajiye, in ya karanta littafin ya dawo.

A hutun da ya wuce, mu 'yan jami'a kaɗan da ke yi wa 'yan sakandaren unguwarmu darasin Turanci muka ce bari a huta da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, a karanta labari. Kwafi ɗaya tal muka samu a wajen masu sayar da littattafan gwanjo, bangonsa ma ya fara rabuwa. Shi ya riƙa yawo gida-gida, kowa kwana uku. Mun zaci in an gama za a ce ya yi daɗi ko bai yi ba, a watse. Ashe gardama muka sayo da kuɗinmu.

Sunan littafin The No. 1 Ladies' Detective Agency, wato ofishin binciken sirri na mata mai lamba ɗaya. Ya fito a 1998. Marubucinsa Alexander McCall Smith, Bature ne ɗan Sikotilan, amma an haife shi a Bulawayo, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, a 1948. Ya taɓa zama farfesan shari'a a Jami'ar Edinburgh, kuma ya taɓa koyarwa a Jami'ar Botswana. A can Botswana ɗin ya gina labarinsa.

Tauraruwar littafin ita ce Precious Ramotswe, wadda kowa ke kira Mma Ramotswe. Mma a harshen Setswana kamar a ce Malama ne a wajenmu. Mahaifinta ya ƙare ƙuruciyarsa a ramukan haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu, ya dawo da ciwon huhu, abin da ya tara kuma ya zuba a shanu. Da ya rasu sai ta sayar da shanun ta buɗe ofishin bincike a Gaborone, babban birnin ƙasar. Ba ta da horon 'yan sanda. Jarinta 'yar farar mota, da butar shayi, da sakatariya mai yawan tuna wa mutane cewa ta ci maki 97 cikin 100 a makarantar koyon aikin ofis, sai kuma iya sauraren mutane.

Yawancin ƙararrakin da ake kawo mata na dariya ne ko na tausayi: wani tsoho da ya tare a gidan wata mata yana cewa shi ne ubanta, wani miji da ya ɓace ashe kada ne ya cinye shi a kogi, wani uba da ke son a gano saurayin 'yarsa. Ana cikin haka wasiƙa ta iso daga wani malamin makaranta na ƙauyen Katsana (a lura, ba Katsina ba, ko da yake sai da wani ɗalibinmu ya karanta shi haka). Ɗansa mai shekara 11 ya fita bai dawo ba. Mu masu karatu mun riga mun ga abin da uban bai gani ba: yaron ya yi nisa a daji, wasu mutane a mota suka ce za su rage masa hanya, ya shiga.

Da Mma Ramotswe ta nuna wasiƙar ga abokinta Mista J.L.B. Matekoni, wani bakanike mai gareji, bai ɓoye mata ba. A ganinsa yaron ya mutu, matsafa sun ɗauke shi don haɗa abin da mutanen kudancin Afirka ke kira muti, wato magani, wanda wani lokaci ake haɗawa da sassan jikin mutum. Daga baya shi wannan bakanike ya tsinci wani ɗan ƙulli a akwatin gaban wata mota da aka kawo masa gyara. A cikin ƙullin akwai ɗan ƙaramin ƙashi. Likita ya duba ya tabbatar ƙashin hannun yaro ne. Motar kuwa ta wani attajiri ce, Charlie Gotso, mutumin da ko 'yan sanda ke shakkar taɓawa.

Mma Ramotswe ta yi wa attajirin dabara, ta nuna kamar ita ma magani take nema, har ya kwatanta mata gidan bokan. Ta je ta tarar da matar bokan ita kaɗai, ta tsorata ta da cewa igiyar rataya na jiran ta. Nan matar ta fasa ƙwai: yaron bai mutu ba, yana wata ruga yana kiwon shanu. Mma Ramotswe ta ɗauko shi ta kai wa ubansa.

To a nan ne ɗalibanmu suka rabu.

Kashi na farko, kuma su ne suka fi yawa, sun ce wannan ƙarshe shi ne daidai. Wata 'yar SS1 ta ce sai da ta ajiye littafin ta fita tsakar gida ta duba ƙaninta kafin ta iya ci gaba, kuma da an kashe yaron da ba za ta ƙara taɓa littafin mutumin nan ba. Su a wajensu duniya ta riga ta cika da mummunan labari. Kullum rediyo na cigiyar yara, a masallaci ana yi bayan sallah, hotuna na yawo a WhatsApp, kuma ba kasafai ake dawowa a ce an gan su ba. In a zahiri ba a gani, me zai hana a bari a gani a littafi? Wasu daga cikinsu sun lura da abin da mu kanmu ya wuce mu a karatun farko: ita Mma Ramotswe ta taɓa haihuwa, jaririn bai yi kwanaki ba ya koma. Suka ce shi ya sa wasiƙar malamin ta ƙi barin zuciyarta, ko a lokacin da take ganin babu abin da za ta iya.

Kashi na biyu, yawancinsu maza 'yan SS3 da suka saba da finafinan bincike, sun ce an cuce su. Ina binciken? Ba ta bi sawu ba, ba ta tara shaida ba, sa'a ce kawai ta kawo motar attajirin garejin abokinta. Da motar ba ta zo gyara ba fa? Kuma kusan rabin littafin ya tafi a shan shayi da tarihin mahaifinta da yabon ƙasar Botswana, yaron da ya ɓace sai an yi babi da yawa kafin a sake tuna shi. A wannan muna ganin suna da gaskiya rabi. Sa'a ta yi yawa, babu musu. Amma jinkirin bai dame mu ba, domin haka abin yake: yaro ya ɓace, makwabta su taya nema mako ɗaya, daga nan kowa ya koma kasuwarsa, a bar iyaye da jira.

Ana tsaka da wannan ce-ce-ku-ce wata 'yar SS2 da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu. Ta ce ita ba ta damu da shayi ko sa'a ba. An ga ɗan malam da ransa, to ƙashin da aka samu a mota na ɗan waye?

Wuri ya yi tsit. Muka karɓi littafin muka sake bin babukan ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta yi gaskiya. Tunda yaron yana raye, akwai wani yaro daban da aka kashe ke nan, kuma littafin bai ba shi suna ba, bai nuna mana uwarsa ba, ba wanda ya rubuto wasiƙa a kansa. Attajirin da ya sayi ƙullin yana nan yana harkokinsa. Ba mu ga an gurfanar da boka a kotu ba. Labarin ya rufe da Mma Ramotswe ta amince za ta auri bakanikenta, mai karatu ya rufe littafi yana murmushi.

Daga nan gardamar ta sauya salo. Wasu suka ce marubucin ne ya manta. Wasu suka ce a'a, da gangan ya yi, yana nuna cewa mace ɗaya mai ƙaramin ofis iyakar ƙarfinta ta ceto yaro ɗaya, ba za ta iya ja da masu kuɗi ba. Wani ɗalibi mai zafin kai ya ce Bature ne yake rubuta wa Turawa Afirka mai daɗin sha'ani, mai mutanen kirki da hasken rana, don haka dole ya share jini da wuri kada ya ɓata musu shayi. Shi dai dama yana jin haushin littafin tun da ya iso labarin likitan da ke musayar aiki da tagwaicinsa wanda bai ci jarrabawar likitanci ba, aka ce kuma 'yan Najeriya ne. Mu ma wurin ya sosa mana rai, ba za mu ɓoye ba.

Abin da ya sa tambayar yarinyar nan ta yi nauyi shi ne, ba tatsuniya ake yi ba. A 1994, shekara huɗu kafin littafin ya fito, an kashe wata ɗaliba mai shekara 14 a garin Mochudi, aka tsinci gawarta an cire wasu sassa. Mochudi kuwa shi ne garin da marubucin ya ce a nan Mma Ramotswe ta tashi. Jama'a sun zargi wasu masu hannu da shuni, suna ganin ana rufa musu asiri. A farkon 1995 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Mochudi da Gaborone, aka yi arangama da jami'an tsaro, har gwamnati ta gayyato masu bincike na Scotland Yard daga Ingila. Duk da haka ba a samu wanda kotu ta tabbatar wa laifin ba. A lura da waɗanda suka fito titi: sa'o'inku ne, 'yan makaranta.

Akwai kuma 'yar ƙasar da ta rubuta irin wannan labari ta wata fuska. Unity Dow, haifaffiyar Mochudi, ita ce mace ta farko da ta zama alƙalin babbar kotu a Botswana. A 2002 ta fitar da The Screaming of the Innocent. A ciki wata yarinya mai shekara 12 ta ɓace, 'yan sanda suka ce wa uwarta namun daji ne suka cinye ta. Bayan shekara biyar wata matashiya mai bautar ƙasa a asibitin ƙauyen ta tsinci akwati ɗauke da tufafin yarinyar duk jini. A littafin Dow tun farko an nuna maka masu laifin, manyan gari ne da ake gaisarwa da ladabi, kuma babu wanda ya dawo gida da rai. Littafi ne mai nauyi ƙwarai, ba mu ba 'yan ƙananan aji shawarar su fara da shi ba. Muna dai ambatonsa ne don a ga cewa yaron da McCall Smith ya bari babu suna, shi ne Dow ta ɗauka ta gina littafi guda a kansa.

Ba mu ne muka kawo zancen gida ba, ɗaliban ne. Suka tuna yaran Kano tara da 'yan sanda suka ceto a 2019, waɗanda aka kai wasunsu har Onitsha a Jihar Anambra. An yi murna da ganinsu, amma a lokacin ne wasu iyaye da dama suka fito suna cewa su ma nasu sun ɓace, ba labari. Suka tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a Disamba 2021, aka gano a Janairu 2022 cewa mai makarantar da take zuwa ne ya kashe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yuli 2022. Wata ɗaliba ta ce abin da ya fi ba ta tsoro ke nan: a littafi baƙi ne a mota, irin waɗanda iyaye ke gargaɗinmu a kansu, amma a Kano wanda yarinyar ta sani ne, wanda take kira malam.

In aka tambaye mu namu ra'ayin, muna nan a kan cewa littafin ya cancanci a karanta. Turancinsa mai sauƙi ne, ɗan SS1 zai bi shi ba tare da ya rungumi ƙamus ba, kuma ba kullum ake samun labarin bincike da mace baƙar fata ke jan ragamarsa da hankali da sanin halin mutane ba. Amma ba mu yarda da masu cewa ƙarshensa ya gamsar ba. Marubucin da ya san shari'a kamar McCall Smith ya san cewa ƙashi shaida ne na kisa. Ya kawo shi ya tsorata mu, da ya gama amfani da shi ya ajiye. Da ko layi biyu ya bari Mma Ramotswe ta tuna da wancan yaron a ƙarshe, da mun ce ya sauke nauyi.

'Yar SS2 ɗin nan ba ta tsaya nan ba. Ta ce za ta rubuta babin da babu, inda wata uwa za ta shigo ofishin Mma Ramotswe tana cigiyar ɗanta mai shekara tara. Mun ba ta littafin rubutu mai shafi 40, mun ce in ta gama ta kawo mu karanta wa sauran. Ranar Asabar da ta wuce ta ce ta kai shafi na 11, kuma har yanzu ba ta yanke shawarar abin da za ta yi da attajirin ba.